Tarihin Fim ɗin Zane na Barkwanci a Nijar

Fim ɗin zane mai motsi, wanda yara ke kira katun, ya samo asali a Nijar ne daga Moustapha Alassane (1942–2015), mutumin da ake sanyawa a sahun farko na masu wannan sana'a a Afirka. Bakanike ne tun farko. Kafin ya taɓa riƙe kyamara, yakan zana hotuna ya haska su da fitila da dare, jama'a su taru suna kallon inuwa tana motsi. A wannan dandali ya gane abin da ke sa mutane dariya.

A Yamai ya haɗu da Jean Rouch, wani Bafaranshe mai shirya fim, wanda ya buɗe masa ƙofar harkar fim, daga bisani Alassane ya je Kanada ya ƙaro ilimi a wurin gwanin fim ɗin zane Norman McLaren. Ya fitar da La Mort de Gandji a 1965, sai Bon Voyage Sim a 1966.

Bon Voyage Sim bai wuce 'yan mintuna ba, kuma zanen baƙi da fari ne. Sim, shugaban jamhuriyar kwaɗi, ya hau jirgin sama zuwa ziyara a wata ƙasa, aka tarbe shi da fareti da duk wani tsarin girmamawa, alhali shi da masu tarbarsa duk kwaɗi ne. Lokacin shekara shida ke nan da samun 'yancin kai, talakawa sun saba ganin manya suna irin waɗannan tafiye-tafiye. Ba a ambaci sunan kowa ba, amma mai kallo ya san inda aka dosa. Dabarar tatsuniya ce da jama'a suka tashi da ita: abin da ba a iya faɗa wa sarki ido da ido, sai a sa shi a bakin dabba.

Daga baya Alassane ya koma amfani da 'yan tsana, yana gusa su kaɗan-kaɗan yana ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya. Da haka ya yi Samba le Grand a 1977. Ya kuma zauna a Tawa, garin da hanyar uraniyom zuwa Agadas da Arlit ta taso, ya kafa ɗakin aikinsa, yana kai majigi ƙauyuka.

A Tawa ɗin ne aka yi gasar kokowa ta ƙasa karo na farko a 1975, wasan da babu kamarsa wajen tara 'yan Nijar a fili da gaban akwatin talabijin. Wannan wasa ne ya zama jigon fim ɗin Alassane mai suna Kokoa, inda kwaɗi da hawainiya ke shiga fage suna kai ruwa rana, 'yan kallo na sowa.

Alassane ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015. A 2017 gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke New York ya nuna jerin finafinansa.