Wa Ke da Jarumi? Hujjar 'Yan Kallo a kan Masu Sake Labari

A shagunan tura finafinai na Runjin Sambo a Sakkwato, inda matashi ke miƙa waya ko memori a zuba masa fim daga kwamfuta, ana tafka wata muhawara da manazarta adabi ba su cika kula da ita ba. Kafin fim ya gama shiga waya, gardama ta kaure a kan benci: cikin mutum ukun da suka fito a matsayin Spider-Man, wane ne na ainihi? Don me aka koma da labarin Batman farko alhali wancan bai kai ƙarshe ba? Hukuncin da aka fi yankewa gajere ne, da Sakkwatanci: "Wanga ba shi na ba." Ra'ayina shi ne wannan hukunci yana da ma'auni a ƙarƙashinsa, kuma ma'aunin hali ne. Ɗan kallo yakan yafe sauyin fuska da na tufafi da na jerin aukuwa, amma ba ya yafe a taɓa halin jarumi.

Tushen al'adar sake labari a Amurka kasuwa ce. Superman ya fara fitowa a mujallar zane a 1938, kuma shi da takwarorinsa kadarorin kamfanonin DC da Marvel ne, don haka ba a barin su tsufa ko su mutu mutuwar dindindin. Idan labarai suka yi shekaru suna cuɗewa har sabon mai karatu ya rasa ta inda zai shiga, sai a rushe a sake gini. DC ta yi haka a 1985 zuwa 1986 da jerin Crisis on Infinite Earths, ta kuma maimaita a 2011 lokacin da ta mayar da mujallu 52 lamba ta ɗaya. A fim ma haka: Tobey Maguire ya sa rigar Spider-Man a 2002, Andrew Garfield a 2012, Tom Holland a 2016, sannan a 2021 aka haɗa su ukun a fim guda, masoya suka yi ta murna. Amma a 2013, da Superman ya karya wuyan abokin gabarsa Zod a fim ɗin Man of Steel, ƙura ta tashi ta daɗe ba ta lafa ba. Fuska uku ba su dami kowa ba, kisa ɗaya ya raba kan masoya, domin mutumin da suka sani mai neman hanyar da ba ta kisa ba ne.

Bahaushe bai jira Amurka ta koya masa wannan ba. Gizo yana mutuwa a tatsuniyar daren jiya, ya tashi garau a ta yau, babu yaron da ke neman bayani. Kaka tana da ikon kai shi gidan sarki ko bakin kogi, ta haɗa shi da Kura ko Botorami. Abin da ba ta da iko a kai shi ne ta mayar da shi mai gaskiya, mai ƙoshi, mai magana ba tsamin baki. Nan take yara za su ce ba Gizo ba ne. Rubutaccen adabinmu ma a kan aro da sake ɗinki ya tashi. Abubakar Imam ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da labaran Turai da na Indiya ya gina Magana Jari Ce tsakanin 1937 da 1939. Ahmadu Ingawa ya ɗauko Iliya Ɗan Maiƙarfi daga labarin gwarzon Rasha Ilya Muromets. Masu karatu sun karɓe su hannu bibbiyu saboda mutanen cikinsu sun koma suna tunani da kunya da fariya irin ta Hausawa. Hatta haɗa gwaraza biyu a fage ɗaya, wanda kamfanonin DC da Marvel suka yi tsakanin Superman da Spider-Man a 1976, tsohon abu ne a ƙasar Sakkwato. Duk wanda ya saurari waƙar Ɗan Anace ta Shago da Ɗandunawa ya san daɗin tambayar wa zai ka da wa, ya kuma san cewa armashin karon yana ga sanin kowane ɗan dambe da salonsa da kirarinsa tun kafin a ja daga.

Inda ma'aunin ya fito fili ƙwarai shi ne fim ɗin Amina na Izu Ojukwu, wanda Netflix ta saki a Nuwamba 2021, Lucy Ameh ta fito a matsayin sarauniyar Zazzau, Ali Nuhu kuma yana cikin manyan 'yan wasan. 'Yan kallo a Arewa sun yi ƙorafi iri biyu, kuma bai kamata a gwama su ba. Na farko shi ne an saɓa wa tarihi. Wannan ƙorafin yana da rauni, domin abin da aka rubuta game da Amina kaɗan ne: ambaton da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi mata a Infaƙul Maisuri, da 'yan layuka a Tarihin Kano, sai ganuwoyi da labaran baka da ba su ma daidaita a kan ƙarnin da ta rayu ba. Duk mai son cika awa biyu da wannan dole ya ƙirƙira, kuma ƙirƙira ba laifi ba ce. Ƙorafi na biyu shi ne harshe da sutura da ɗabi'ar fada, kuma a nan ina tare da 'yan kallo ɗari bisa ɗari. Amina da ke magana da Ingilishi a fadar Zazzau ta rasa kirari, ta rasa gaisuwar fadawa, ta rasa habaici da karin maganar da sarauta ke tafiya da su. Halin Bahaushe a bakinsa yake zaune. An iya ɗaukar fim ɗin da Hausa a rubuta fassara a ƙasa, kamar yadda duniya ke kallon finafinan Koriya da na Indiya. Adamu Halilu ya yi haka tun 1976 da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Sai dai ɗan kallo ba kullum yake da gaskiya ba. Lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar shirin Labarina na Aminu Saira, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya, mutane da yawa sun yanke hukunci tun kafin su ga wasan sabuwar jarumar. Wannan shaƙuwa ce da fuska, kuma abin fahimta ne ga wanda ya yi shekaru yana kallon mutum ɗaya kowane mako, amma ba hujja ce ta adabi ba. Marvel ta fuskanci mai tsananin wannan bayan rasuwar Chadwick Boseman a Agusta 2020, ta zaɓi kada ta ba wani matsayinsa na T'Challa a fim ɗin 2022, masoya kuma suka rabu biyu. Akwai kuma haɗarin bin mai ƙarar murya. Matsin lambar masoya a intanet ya sa aka saki Justice League na Zack Snyder mai awa huɗu a 2021, abin da ya nuna ƙarfinsu. Amma kamfanin da ya saba jiran umarni daga masu sharhi zai ƙare yana ba su abin da suka riga suka gani. Kannywood ta ɗanɗana wannan hanya da ta fara sake tsofaffin finafinai irin su Mujadala, kuma tambayar da ta dace a yi wa irin wannan aiki ita ce me ya faɗa wanda na farkon bai faɗa ba.

Amfanin wannan bambancewa zai bayyana ranar da wani mai zane ko mai shirya fim ya ɗauki Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito a 1934 daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya. A adabinmu shi ne ya fi kusa da jaruman Marvel: mayaƙin da ya kara da Nasara a zamanin Lugga, ya nufi gabas, ya shiga duniyar aljanu shi da ɗansa Garba Gagare, sannan ya dawo gida ya tarar zamani ya sauya. Wannan dawowar ta sulhu da sabon mulki tana ɗauke da tambarin lokacin da aka rubuta littafin, a ƙarƙashin hukumar da Turawa ke jagoranta, don haka mai sake labarin yana da damar ya tambaye ta, ya ma sauya ta. A Sakkwato, inda ba a manta da yaƙin Giginya na Maris 1903 da shahadar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi ba, da wuya a samu mai jin haushin hakan. Yana iya ƙara yaƙe-yaƙe, ya rage aljanu, ya ba Garba Gagare babban matsayi. Amma Ganɗoki tsoho ne mai cika baki da ke ba yara labarin kansa, yana yi wa kansa kirari, yana jingina ƙarfinsa ga Allah. In aka mayar da shi saurayi mai shiru-shiru da ke shakkar kansa don ya yi kama da jaruman Hollywood, masu zaman benci a Runjin Sambo za su gane tun a minti goma na farko.