Tarihin Kafuwar Ƙungiyar 'Yan Shawagi da Fiffike ta Amurka

A ƙasar Amurka, duk wanda zai tuƙa jirgin sama sai ya mallaki lasin gwamnati, jirgin nasa kuma sai an yi masa rajista. Amma akwai wasu mutane da wannan doka ba ta hau kansu ba. Su ne masu ɗaukar fiffiken yadi da aka ɗaura a kan bututun alminiyam, su rataye a ƙarƙashinsa, su sheƙa da gudu daga kan dutse, iska ta ɗauke su, babu inji babu mai. Mai gwada su, ta ba su daraja, ta yi musu inshora, ta kuma tsaya musu a gaban hukuma, ita ce ƙungiyarsu da ake kira USHPA, mai hedkwata a Colorado Springs. Tarihinta tarihi ne na mutanen da suka gane cewa idan ba su kafa wa kansu doka ba, wasu za su kafa musu, ko ma su hana su tashi baki ɗaya.

Asalin fiffiken

Wanda ake kallo a matsayin kakan wannan wasa shi ne Otto Lilienthal, wani injiniya Bajamushe da aka haifa ranar 23 ga Mayu 1848. Ya ƙera fikafikai na itace da yadi, ya yi tashi kusan 2,000 daga kan tuddai, yana juya fiffiken da nauyin jikinsa. A watan Agusta 1896 ya faɗo a tudun Gollenberg, washegari ya mutu. Bayan an samu jirgi mai inji, sai duniya ta juya wa irin wannan tashi baya har tsawon shekaru.

A 1948 wani injiniyan Amurka, Francis Rogallo, da matarsa Gertrude suka nemi rajistar wani fiffike mai laushi da suka ƙirƙira, wanda iska ce ke cika shi ta ba shi siffa. Hukumar NASA ta gwada shi a farkon shekarun 1960 da niyyar sauko da kumbon Gemini, daga baya ta haƙura ta koma ga laimar sauka. Sai dai hotunan gwajin sun riga sun zaga duniya. A garin Grafton na Ostireliya, John Dickenson ya ga hoton, ya haɗa nasa a 1963 don a ja shi da kwalekwale mai inji a kan kogin Clarence. Shi ne ya daidaita tsarin da ake amfani da shi har yau: matuƙi yana reto a ƙarƙashin fiffike, yana riƙe da firam mai kusurwa uku; in ya ja shi gudu ya ƙaru, in ya tura ya ragu, in ya karkata jiki fiffike ya juya. Wasu 'yan ƙasarsa biyu, Bill Moyes da Bill Bennett, suka yawata da shi ƙasashe, Bennett kuma ya yada zango a Amurka a 1969.

Taron gora da leda

A kudancin jihar Kalifoniya kuwa, matasa sun daɗe suna haɗa fikafikai da gora da leda da salatif, suna tsalle daga tulin yashin bakin teku. Ranar 23 ga Mayu 1971, wani malamin makaranta mai suna Jack Lambie da abokansa suka kira taro a wani tudu kusa da Newport Beach, don tunawa da cikar Lilienthal shekara 123 da haihuwa. Fikafikan da suka hallara ba su wuce goma sha 'yan kai ba, yawancin tashin ma na 'yan daƙiƙoƙi ne. Amma jaridu sun ɗauki labarin, mujallar National Geographic ta buga shi da hotuna a 1972. Daga nan wasiƙu suka yi ta zuwa, kowa na tambayar yadda zai ƙera nasa.

A ƙarshen 1971 ne Dick Eipper, wani mai ɗinka filafilan jiragen ruwa, ya tara masu sha'awar abin suka kafa kulob a yankin Los Angeles. Ba a jima ba kulob ɗin ya zama ƙungiyar kudancin Kalifoniya, ya fara buga mujalla mai suna Ground Skimmer. Da masu rajista suka fara fitowa daga sauran jihohi, sai a 1973 aka mayar da ita ƙungiyar ƙasa, aka raɗa mata USHGA. A wannan shekarar aka yi gasar ƙasa ta farko a Sylmar, Chris Wills ya zo na ɗaya. A shekarar kuma shi da ɗan'uwansa Bob suka buɗe kamfanin ƙera fikafikai na Wills Wing.

Shekarun makoki

Bunƙasar ta zo da tsada. Mutum zai sayi zane ta gidan waya, ya haɗa fiffike a garejin gidansu, ya hau dutse ba malami. Fikafikan farko na da wata muguwar illa: idan hancinsu ya sunkuya da yawa, yadin sai ya saki iska ya riƙa kaɗawa, fiffiken ya nufi ƙasa, duk abin da matuƙi zai yi ba zai ɗago ba. A 1974 kaɗai mutum 40 suka mutu a Amurka. Gidan Wills ma bai tsira ba: ɗan'uwansu Eric ya mutu a 1974, Bob kuma a 1977, lokacin da iskar jirgi mai saukar ungulu ta buge shi ana ɗaukar fim ɗin talla. Mahaifinsu, wanda lauya ne, ya ɗauki nauyin tattara rahoton haɗura yana bugawa a mujallar ƙungiya, ana fayyace abin da ya jawo kowanne. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

A nan ne ƙungiyar ta tashi daga dandalin zumunci ta zama hukuma. A tsakiyar shekarun 1970 ta fito da matakan ƙwarewa, daga ɗan koyo har zuwa gwani, waɗanda a yau ake kira H1 zuwa H5. Matakan na da jarrabawar rubutu da ta aiki, da adadin tashin da za a cika a gaban shaidu, da iyakar ƙarfin iskar da matuƙi zai shiga. Aka kafa tsarin horar da malamai da ba su takardar shaida. Masu ƙera fikafikai su ma suka kafa tasu ƙungiya a 1977, inda ake ɗora sabon fiffike a kan mota a yi gudu da shi, a auna ƙarfinsa da yadda yake ɗago hanci in ya sunkuya. Aka ƙara igiyoyi da sanduna masu riƙe bayan yadin, hular kwano ta zama dole, laimar ceto ta shiga kayan kowane matuƙi. Mutuwa ta ragu ƙwarai.

Sakamakon wannan ƙoƙari ya bayyana a 1982, lokacin da hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, FAA, ta fitar da sashe na 103 na dokokinta. Sashen ya ce abin tashi mara inji da bai kai fam 155 ba, wato kimanin kilo 70, mai ɗaukar mutum ɗaya don nishaɗi, ba ya bukatar rajista, matuƙinsa ba ya bukatar lasi. An dai hana tashi da dare, da bi ta kan cunkoson gidaje ko taron jama'a. Hukumar ta nuna cewa tana sa ran masu wasan za su ci gaba da tsare kansu, in ba haka ba ta sake duba lamarin. Izinin ɗaukar ɗalibi a fiffike ɗaya da malaminsa ma ta hannun ƙungiyar aka ba da shi.

Ladubban bakin dutse

Duk da kyautatuwar kayan aiki, bakin dutse na nan da haɗarinsa. Kuskuren da 'yan shawagi suka fi tsoro shi ne mutum ya manta bai maƙala ƙugiyar rigar ratayarsa a jikin fiffike ba. Zai ruga, fiffike ya tashi, shi kuma ya rage da ƙarfin hannu kawai, wanda ba ya daɗewa. Abin mamaki, ba 'yan koyo kaɗai yake samu ba. Tsofaffin hannu ma yana cin su, galibi idan sun cire ƙugiyar don gyara wani abu, ko wani ya ɗauke musu hankali da magana.

Saboda haka aka mayar da wasu abubuwa al'ada. Kafin tashi, matuƙi zai zaga fiffikensa ya taɓa kowace waya da kowane ƙusa. Sannan wani ya riƙe masa hancin fiffiken, shi kuma ya kwanta a cikin rigar ya saki nauyinsa, a tabbata yana rataye. Wasu ma sun gwammace su maƙala rigar tun kafin su shiga cikinta. Idan iska na da ƙarfi, mutum biyu ko uku za su riƙe wayoyin gefe da na gaba, kowa na faɗin abin da yake ji a hannunsa, ba mai saki sai matuƙi ya ba da umarni da kalma ɗaya da kowa ya sani. Ana kafa ƙyallaye a kan sanduna don a ga inda iska ta dosa, domin ana tashi ne ana fuskantar ta. Matuƙi ne mai yanke shawarar ƙarshe, kuma wanda ya naɗe fiffikensa ya sauko da mota saboda iska ba ta yi masa ba, ba a yi masa dariya.

Ƙasar wani, dutsen wani

Sama ba ta da mai ita, amma wurin tashi da wurin sauka na da masu su: manomi, ko ƙaramar hukuma, ko hukumar gandun daji. Babu wanda zai buɗe ƙofarsa alhali yana tsoron a maka shi kotu in wani ya karye. Abin da ƙungiyar ta riƙe a hannunta shi ne inshora. Kowane mamba na sa hannu a takardar yafe ƙara, kuɗin rajistarsa kuma na biyan inshorar ɓarnar da zai iya yi wa wani. Kulob ɗin unguwa da ya yi rajista da uwar ƙungiya yana iya sa sunan mai fili a cikin inshorar. Da wannan takarda ake samun izini.

Sauran aikin na kulob ne, kuma aikin gayya ne. Mambobi ke sare ciyawa da rassan da ke karya iska a gaban wurin tashi, su gyara hanyar da ruwa ya cinye, su canja katakon dandamali da ya ruɓe, su sauya tutar iska, su kwashe shara, su tabbata an rufe ƙyaure kada dabbobin mai gona su fita. A Fort Funston da ke gaɓar tekun San Francisco, kulob ɗin Fellow Feathers ne ke kula da tashi bisa izinin hukumar gandun ƙasa, kuma sai ya tantance mutum kafin ya tashi. A Glacier Point na gandun Yosemite, sai mai matakin H4 ake bari. A jihar Tennessee, kulob ɗin Tree Toppers ya mallaki wurin tashinsa na Henson Gap. A jihar Utah kuwa, gefen kudu na Point of the Mountain ya zama filin shaƙatawa na jiha a 2006, gwamnati da kulob na gudanar da shi tare. Inda aka yi sakaci, ko gine-gine suka cinye filin sauka, wuri kan rufe, sake buɗe shi kuwa sai an sha wuya. Don haka aka kafa gidauniya ta musamman mai tallafa wa kulob-kulob wajen saye da gyaran filaye.

Sabon suna da sabuwar jarrabawa

Daga ƙarshen shekarun 1980 laimar shawagi ta shigo daga Turai. Ba ta da bututu, ana cusa ta a jaka a goya, koyonta kuma ya fi sauri. Masu ita suka shigo ƙungiyar, a hankali har suka fi masu fiffike yawa. Bayan doguwar muhawara, a 2006 aka sauya suna zuwa USHPA don ya haɗa kowa. Shi ma fiffiken bai tsaya wuri ɗaya ba. Na farko kan yi gaba mita 4 a duk mita 1 da ya sauka. Na gasa a yau yana kaiwa wajen 15. A watan Yuli 2012 Dustin Martin ya tashi daga Zapata a jihar Texas ya yi tafiyar kilomita 764, yana hawa ɗumammiyar iska mai tashi daga ƙasa, wadda shaho da ungulu ke kewayawa a cikinta.

Babbar jarrabawa ta zo a 2015, da masu inshora suka sanar cewa ba za su sabunta yarjejeniya ba. Ma'anar haka ita ce rufe mafi yawan wuraren tashi a ƙasar. Mambobi da makarantu da gidauniya suka yi karo-karo, aka haɗa jarin kusan dala miliyan 2, aka kafa kamfanin inshora mallakar masu wasan, wanda ya fara aiki a 2016. Tun daga lokacin, diyyar da za a biya ta hannun kamfaninsu take fita, shi ya sa aka tsananta wa makarantu da kulob-kulob wajen rubuta tsarin kiyaye haɗari na kowane wuri.

Ƙungiyar da ta fara da masu gora da leda ta haura shekara 50, kuma sashe na 103 na nan yana aiki. Gwamnati ba ta karɓe ragamar ba, domin masu wasan sun riƙe ta da kyau: sun horar da 'yan koyo, sun bayyana kurakuransu a fili, sun girmama masu filaye, sun kuma biya kuɗin ɓarnarsu da aljihunsu. Duk ƙungiyar da ke son hukuma ta sakar mata mara, wannan ne farashin.