ZARE: Kafin ka sayi fuloti don gidan haya a Kazaure, karanta tarihin filin

1/ Burin matasa da yawa yanzu shi ne a sayi fuloti, a gina ɗakuna, a zuba 'yan haya. Madalla. Amma ka san a dokar Najeriya ba ƙasar kake saya ba? Izinin zama a kanta kake saya. Bari mu bi tarihin. 🧵

2/ Tun zamanin Ɗan Tunku, wanda ya kafa masarautar Kazaure wajajen 1819, fili ana samunsa ne ta gado, ko aro, ko jingina, ko dagaci ya yanka wa baƙo. Shaidarka dattawan unguwa ne. Fatake kuwa gidan fatoma suke sauka, ya ba su masauki, ya samu la'ada a cinikinsu.

3/ A 1910 Turawa suka yi dokar da ta sa filayen Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta ta. A Maris 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta shimfiɗa tsarin ga ƙasa baki ɗaya, har aka sa dokar cikin kundin tsarin mulki.

4/ Ma'ana: filin birni yana hannun gwamna, shi ke ba da takardar C of O, galibi ta shekara 99. Na karkara, ƙaramar hukuma ke ba da izini. Sayar da fili mai C of O ma sai da amincewar gwamna.

5/ To 'yan hayar daga ina? Makarantu ne suka kawo su. An ƙirƙiro Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu ta zauna a Kazaure, tarayya ta karɓe ta a 2007. Ga kuma Informatics. Ɗalibi da malami dole su kwana wani wuri.

6/ Babura ta samu Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 2021. A shekarar ne kuma aka ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda ya ratsa ta Kazaure. Dillalai sun samu abin talla.

7/ Nan ne tarkon yake. Dokar 1978 ta ba gwamnati damar karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar kuma ta gini ce da amfanin gona, ba ta ƙasar ba. Ka sayi fili fayau a bakin aikin gwamnati, kana iya tashi a tutar babu.

8/ A Roni da Gwiwa, gona ake yankawa fuloti-fuloti, sau da yawa ta gado. In ba a raba gadon ba, sa hannun mutum ɗaya bai isa ba. Wata rana 'yar'uwarsa za ta kai ka kotu, kuma da gaskiyarta.

9/ Don haka kafin ka biya:
• ka ga duk magada da mai unguwa
• ka bincika a ofishin filaye
• a rubuta ciniki da shaidu
• ka duba ruwa, da inda ambaliya ke bi da damina
• ka tambayi kanka: in makaranta ta tafi hutu ko yajin aiki, wa zai biya haya?

10/ Kakanninmu shaidu suka riƙe, zamaninmu takarda. Kai ka haɗa duka biyun. Ka tura wa abokinka da ke tara kuɗin fuloti.