Bakanike

Daga Turanci kalmar ta shigo, daga "mechanic". Da farko makaniki aka ce. Sai kunnen Bahaushe ya ji farkonta kamar "ba-" ɗin Bakano da Bakabe, ya mayar da ita bakanike. Jam'i ya zama kanikawa, kamar Kabawa, sana'ar kuma kanikanci. Wannan "kanik" babu shi a Turanci, Hausa ce ta haife shi.

A Aliero, inda babura ke jigilar buhunan albasa, ba duk mai riƙe sifana ya cancanci sunan ba. In babban babur na tsere ya ƙi tashi, bakanike na gaske ba ya gaggawar kwance inji. Batir yake fara dubawa, sai fulogi da hanyar mai.