Daga ina aka samo maganar hana yaro mai galahanga nono?

1/ Saƙon nan da ke yawo a WhatsApp, wai a hana yaro mai galahanga alkama da nono, yana da tarihi. Ku biyo ni.

2/ A 1943 Dakta Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya bayyana yara 11 masu wannan lalura. Tun lokacin ya lura da yawansu na wahalar cin abinci.

3/ Daga baya wani likitan Norway, Kalle Reichelt, ya yi hasashen cewa sinadaran alkama da madara na tsallake hanji su taɓa ƙwaƙwalwa. Hasashe fa! Iyayen da suka rasa mafita suka rungume shi hannu bibbiyu.

4/ Jami'ar Rochester ta gwada a kan yara 14, sakamako ya fito a 2015: ba a ga wani sauyi ba. Yaran kaɗan ne, amma hujjar hanin ma ba ta da ƙarfi.

5/ Mu nan Ɗanzomo gero da dawa ne cimarmu, ba su da sinadarin alkamar. To me za a cire? Nonon da ke cikin fura, a yankin da tamowa ke kayar da yara, ga yaron da dama abu biyu ko uku kawai yake yarda ya ci.

6/ In yana gudawa ko kumburin ciki bayan ya sha nono, a kai shi asibitin Gumel likita ya duba tukuna.