Tiren aro na Malam

Saura kwana tara in ajiye aiki, wata 'yar bautar ƙasa da aka turo mana ta jawo wani dogon tire na katako daga ƙarƙashin kantar aro, ta hure ƙurar da ke kansa, ta ce, "Baba, wannan na zuba mene ne? In kai shi sito?" Na ce ta riƙe shi tukuna, in ba ta labarinsa. Shekara 35 na yi a laburaren nan, tun 1989, kuma goma sha huɗu daga ciki a gaban tiren nan na yi su, a tsaye.

Abokan aikina na da sun san tsarin Browne, ba sai na ɓata musu lokaci ba. Wata ma'aikaciyar laburare a Amurka, Nina Browne, ita ta ƙirƙiro shi a 1895, Ingila ta rungume shi, daga can ya iso mana. Mai karatu yana da tikiti mai kamar ɗan aljihu, da sunansa a jiki. Littafi yana da katinsa. In za a ara, sai a zare katin a zura cikin tikitin, a jera a tire bayan ranar da za a dawo da littafin, a buga hatimin kwanan wata. Abin da yaran yanzu ba su taɓa lura da shi ba shi ne ranar dawowa. Kati ya koma cikin littafi, tikiti ya koma hannun mai shi, shi ke nan an rabu. Ko Gwamna ne ya zo, babu takardar da za ta nuna masa wa ya karanta me.

Malam ne ya sa na gane haka. Shi ne shugaban sashenmu, mutumin da ya yi karatun aikin a Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma yi 'yan shekaru yana jera kati a laburaren Kashim Ibrahim kafin ya dawo gida. Ba ya son surutu. In ka buga katin katalog a tafireta ka sa aya inda ya kamata waƙafi ya zauna, ba zai yi faɗa ba, sai dai ka tarar da katin a kan teburinka da safe, an ja masa layi da jan biro. Katin nan ɗan inci uku da biyar, mai huda a ƙasa inda sanda ke ratsawa, na buga dubbansa, na marubuci daban, na sunan littafi daban, na fanni daban. Abu ɗaya ne ke sa Malam ya yi dogon zance: lamba 297. Dewey ya shimfiɗa wa addinin Kirista fili tun daga 220 har cikin 280, ya cusa Musulunci kacokan a lamba guda. Mu kuwa a nan, tafsiri, hadisi, fiƙihu, tarihin Annabi, su ne suka fi cika kanta. Malam ya zauna da fensir ya yi mana namu rabe-raben a wani littafin rubutu mai bangon shuɗi, da shi muka yi aiki har aka kawo kwamfuta. Wanda ya gaji Malam ya zubar da littafin a kwandon shara ba tare da ya buɗe ba. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Amma zancen tire nake yi. A tsakiyar shekarun 1990, lokacin da sunan cutar ƙanjamau kaɗai ke iya raba aure, wani saurayi ya ari littattafai biyu daga kantar 616, wajen littattafan cututtuka. Bayan kwana uku sai ga wani Alhaji, mutumin da ya taɓa saya mana fankoki, wanda kuma saurayin ke neman 'yarsa. An tsegunta masa cewa an ga yaron da wasu littattafai. Ya gaisa da Malam, ya zagaya, ya zo kan maganar. Tikitin yaron yana cikin tiren, taku biyu daga inda Alhaji ke tsaye, ni ma ina hango shi. Malam ya ɗora tafin hannunsa a kan tiren, ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Da kai ne ka ara, shi ma ba zan gaya masa ba." Alhaji ya fita bai yi sallama ba. Da ya tafi Malam ya juyo, ya ce, "Kai yaro, abin da mutum ya karanta tamkar abin da ya gaya wa likita ne." Bai ƙara ba, ya koma ofis.

Kwamfuta ta iso mana bayan wayar salula ta shigo a 2001. Manyan jami'o'i sun riga mu, su da suka yi fama da TINLIB da CDS/ISIS na UNESCO tun muna jin labari. Mu dai guda shida aka jera mana a ɗakin da a da ake ɗinke tsofaffin Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian. Malam ya riga ya yi ritaya, aikin kwamfutar ya faɗo kaina, ni da na koyi riƙe linzami ina da shekara arba'in. Ina alfahari da abin da muka yi a ɗakin nan. Mu muka koya wa malaman firamare danna Ctrl da S duk bayan 'yan layuka, domin wuta ba ta sallama in za ta tafi. Mu muka yi yaƙi da ƙwayar cutar filashi, wadda ke ɓoye takardun mutum ta bar masa hotonsu na bogi, ɗalibi ya zo yana kuka wai kundinsa ya ɓace, alhali yana nan a ɓoye. Fulofi kuwa, mai cin megabayit 1.44, ƙurar hunturu kaɗai ta ishe shi mutuwa.

Sai dai kwamfuta ba ta mantuwa irin ta tire, kuma wannan ne ya hana ni barci. Mutum zai buɗe imel ko Facebook, lokacinsa ya ƙare, ya rufe burauza ya tashi, yana zaton ya fita. Bai fita ba, na bayansa zai zauna ya tarar da ƙofa a buɗe. Wata za ta ɗauki hoton takardar haihuwarta da katin ɗan ƙasa ta tura wurin neman aiki, ta tafi ta bar su a kwamfutar da mutum talatin za su taɓa kafin magariba. Don haka na kafa doka: ba mai tashi sai ya nuna mini ya fita daga akawun ɗinsa. In burauza ta tambaya ko ta adana kalmar sirri, amsa a'a ce. Kowace yamma ni da kaina nake bi ina goge abin da aka sauke, in zubar da kwandon sharar kwamfutar, in share tarihin shafukan da aka buɗe ba tare da na tsaya karantawa ba.

Shi ya sa abin da na gani bara ya ƙona mini rai. Wani matashin ma'aikacinmu, mai digiri a fannin nan, wanda ya fi ni saurin yatsa nesa ba kusa ba, ashe yana da littafin da yake rubuta imel da kalmar sirrin duk wanda ya taimaka wa yin rajistar JAMB ko tantance fansho. Wai don kada su manta. Suna, lambar waya, NIN mai lamba 11, wasu har da BVN, duk a durowar da ba ta da kwado. Na ce masa, "Ɗana, mai ita za ka ba takarda ya rubuta da hannunsa, ya tafi da abarsa. Yayin da yake bugawa ma ka kau da kai." Ya ce, "Baba, ai sun yarda da ni." Na san sun yarda, ai matsalar ke nan. Dattijon da ya saba miƙa maka sirrinsa a laburare, shi ne gobe zai miƙa wa muryar da ta kira shi ta ce daga banki ne. Na ga haka da idona a kan bencin ƙofarmu: tsohon hedimasta, waya a kunne, yana karanto lambobin da aka turo masa ta tes. Kafin in ƙaraso in riƙe hannunsa ya faɗi ta ƙarshe, kuɗin fanshonsa na wata biyu suka tafi. Banki ba ya tambayar wannan lamba, haka lambobi shida da WhatsApp ke turowa, duk wanda ya ce ka karanto masa ɓarawo ne, ko da sunan ƙanenka ya zo. Littafin matashin nan dai a gabana aka yayyaga shi, muka ƙona a bayan ɗakin janareta.

Yarinyar tana tsaye da tiren a hannu duk tsawon wannan bayani, ba ta katse ni ba, Allah ya yi mata albarka. Da ta karkata shi sai muka ga ashe akwai saura a can ƙarshe: tikiti goma sha ɗaya, kowanne da katinsa a ciki, littattafan da aka ara tun 2003 ba a dawo da su ba. Ta kai hannu za ta duba, na ce ta dakata. Na juya baya, na zare katunan ɗaya bayan ɗaya, na ware su gefe guda, tikitocin na zuba a aljihun rigata, sannan na miƙa mata tiren ta goge.