Ƙarar ƙwas-ƙwas a sitiyarin akori-kura

Akori-kurar da ke jigilar shinkafa, riɗi ko taki tsakanin ƙauye da masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai tana shan ramuka da lodi. Idan ta fara ƙwas-ƙwas a sitiyari, galibi tayarod ne ko bol-joyin ya ci: robar da ke rufe shi ta yage, giris ya tsiyaye, ƙura da ruwa suka shiga.

Fara duba notocin taya, wani lokaci su ne kawai suka kwance. Sannan wani ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama, kai ka ɗora hannu kan tayarod. Inda ya ci, za ka ji bugun a tafinka. Ɗaga gaban motar ka tokare da katako mai kauri, don jak kaɗai ba abin yarda ba ne. Kama taya gefe da gefe ka girgiza: in ta yi wasa, tayarod ne. In sama da ƙasa take motsi, bol-joyin ne ko boris.

Maganinsa canji. Kada ka yarda bakanike ya daddake shi da guduma ko ya cusa masa leda. Ƙarar za ta ɗauke kwana biyu, amma ranar da ya fice, taya za ta juya inda ta ga dama, ga buhu 20 a baya. Je Ƙofar Ruwa da tsohon a hannu a gwada, kuma bayan an ɗaura a yi alaimen, in ba haka ba taya za ta cinye ta gefe ɗaya.